Amshin Baban Nkechi

Na san abin da kuke faɗa idan na ba da baya. Kuna cewa ni na kashe wa yayanku Habu waƙa, wai haushi ne ya ci ni don kiɗan fiyano ya kori ƙwaryata daga gidajen biki. Har jikokina na ji suna maimaitawa, su da ko haihuwarsu ba a yi ba a lokacin. To ban zauna da wannan rubutun nawa na yaƙi da jahilci don in wanke kaina ba, ban kuma zauna don in roƙi kowa gafara ba. Zan faɗa muku yadda aka yi a shekarar nan da aka shigo mana gari, in ya so ku yanke hukuncin da ni na kasa yankewa har yau.

Ku fara sanin cewa ni Kulu mai ƙwarya ba ƙaramar mace ba ce a unguwar Shamaki ta Gombe a zamanina. Idan aka yi biki ba a kira mu ba, amaryar ma sai ta ji kamar ba a yi da ita ba. Mu kifa ƙwarya a ruwa, 'yan amshina su jeru, in buɗe baki tun hantsi har rana ta yi sanyi, mata suna guɗa suna yafa mana zannuwa. Malam Iro mai kaset da ke bakin kasuwa shi ke ɗaukar muryarmu ya buga ya sayar, har Kumo da Dukku ana jin mu a motocin haya. Sai aka wayi gari aka ce an daina yayin kaset. Aka koma faifai, kafin mu gane kan faifan aka ce shi ma ya mutu, yanzu waƙa a cikin wani ɗan abu take kamar farcen jariri, wai shi memori. Masu biki suka gano cewa idan suka je situdiyo aka rera musu sunan amarya da na ango da na uwar ango a kan fiyano, yaro ɗaya da lasifika ya ishe su, ba sai sun ciyar da garken mata ba. 'Yan amshina suka watse, wata ta koma tuyar awara, wata ta koma wankau. Ƙwaryar da na fi ji da ita, Allah ya gani, a ƙarshe tsakin kaji ake zubawa a cikinta.

Kuma don Allah ya nuna mini duniya, ɗan da na haifa da cikina shi ne ya je ya zauna a gaban fiyanon. Habu ya samu wuri a wani situdiyo a Barunde, ɗaki ɗaya da aka manna wa katifa a bango don kada ƙara ta fita. Da rana yana yi wa amare waƙa, wato abincin da aka ƙwace daga bakina shi yake kawo mini gida a leda, ina ci ina zaginsa. Amma zuciyarsa ba a nan take ba. Abin da yake so shi ne gambarar zamani, wadda ake zuba magana da sauri, rabi Hausa rabi Turanci, kamar ana rigima a tasha. Nakan ce masa wannan ba waƙa ba ce, ciwon haƙori ne. Sai dai a raina na san yaron kunnena ya ɗauko. Yana jin inda kiɗa ya karkace tun kafin mai kiɗan ya ji, kuma ya san irin maganar da za ta zauna a bakin mutane.

A shekarar da nake ba ku labari, tsoro ya riga ya zama ɗan gida. Ba a kiran sunan waɗanda ake tsoro, sai dai a ce mutanen daji, a kuma rage murya. A shingen sojoji a sauke ka daga babur ka tura shi, a ƙofar masallaci da ta coci a laluba ka, biki kuwa kafin magariba kowa ya kama gabansa. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne yadda muke tsoron bindiga muke kuma bin ta da kallo. Wayar kowane saurayi cike take da hotunan yanka da harbi da ake tura wa juna, a kalla a yi salati, a sake kallo. Yaran unguwa suka bar langa suka koma sassaƙa bindiga da kara, kuma ba sa cewa tau-tau irin na da, sun iya kwaikwayon kukan kowace iri da sunanta. Ni kaina ban tsira ba. Yayana Hamma Buba, maharbi ne a Kagarawal, yana cikin mafarautan da suka ɗauki bindigoginsu ƙirar gida suka tafi taya sojoji. Ranar da za su tashi aka aiko in zo bayan gari inda suka taru. Na zubar da tsakin kaji na wanke ƙwaryata, na lallaɓo waɗanda suka rage cikin 'yan amshina, na yi musu waƙar da na daɗe ban yi irinta ba. Na ce bindigar Buba ba ta gaisuwa sau biyu. Suka yi ta harbi sama, hayaƙin albarushi ya rufe mu, mata na guɗa, ni kuwa ina jin kamar an dawo mini da ƙuruciyata. Habu yana gefe yana ɗaukar mu da waya.

Mutum ɗaya ne a layinmu da bai shiga wannan ruɗanin ba, shi ne maƙwabcinmu Baban Nkechi. Ibo ne, Kirista, mai gyaran rediyo da janareta, katangarmu ɗaya da su tun Habu yana rarrafe. Hausarsa ta kasuwa ce, da ni da Hamma Buba duk kai yake ce mana, kuma bai iya magana a hankali ba, gaisuwarsa ma sai an ji ta a layi na gaba. Idan ya ga yaro da bindigar kara sai ya kira shi, ya karɓe ya karya a gwiwa, ya ba shi alawa. Yaran suka gane ciniki, suka riƙa sassaƙa bindiga musamman don a karya a ba su alawa, shi kuma yana ta murna wai yana gyara tarbiyyar unguwa. Matarsa Maman Nkechi tana sayar da garin kwaki da manja, ta fi shi Hausa nesa ba kusa ba, kuma ita ce ta riƙe ni ranar da aka fita da gawar mahaifinku. 'Yarsu ɗaya, Nkechi, lokacin tana sakandare.

Ranar da mutanen daji suka shigo, da safe ne, ina dama koko. Muka fara jin harbi daga can bakin gari kamar ana zazzage tsakuwa a kan kwanon rufi, sai ya yi ta matsowa. Muka kwanta a ƙasa. Can sai ga ƙarar jirgin yaƙi, yaran layi kuwa da ba su san mutuwa ba suka ɓalle daga hannun iyayensu suka fito kallon jirgi. Baban Nkechi ya buɗe ƙofarsa ya fita yana kora su, muna jin sa daga ciki yana ihu, ku shiga gida, ku shiga gida. Ya shigar da su duka, shi ne bai shiga ba. Har yau ba wanda ya san daga wane ɓangare harsashin ya fito. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne Habu yana kwance a bayan ƙofar zaure, ya kunna waya tana ɗaukar sauti tun daga farkon harbin.

Aka tafi da gawa ƙasarsu kamar yadda suke yi, Maman Nkechi da 'yarta suka bi ta, suka bar mini makullin gidan. A wannan tsakanin ne wata la'asar Habu ya shigo yana wani murmushi da na sani, irin na mai waƙa da ya kama abu. Hamma Buba ya dawo daga daji yana hutawa a wurinmu. Habu ya ajiye waya a tabarma ya ce mu ji. Kiɗa ya tashi, sai harbi ya shigo yana bin kiɗan daidai wa daida, an jera shi kamar ganga. Na gane harbin nan take, duk wanda ya kwanta a ƙasa ya ji shi ba zai manta da shi ba. Habu ya zuba gambararsa, wai su 'yan Gombe ne ba sa gudu, wai bakinsa bindiga ne, da sauran cika baki irin na samari. Sai aka zo amshi. Muryar Baban Nkechi ce, ku shiga gida, ku shiga gida, an yanko ta an ɗora a kan kiɗa tana dawowa bayan kowane baiti. Zan faɗi gaskiya ko da za ta ba ku mamaki. Abin da ya fara zuwa mini ba baƙin ciki ba ne. Kunnena ne ya ce, kai, amshin nan ya zauna. Sai bayan nan na tashi na zagaya na yi amai.

Da na dawo na tsaya a kansa.

"Habu, mutumin da ya ɗauke ka a kafaɗa shi ka mayar ɗan amshi?"

"Dada, girmama shi na yi. Kowa zai ji abin da ya yi. In ban sa ba, nan da baɗi wa zai tuna da shi?"

"A sana'ar nan ba a sa mamaci a kiɗan rawa. Mai rai ma sai an tambaye shi kafin a kama sunansa. Wa ka tambaya?"

"Wa zan tambaya? Sun tafi."

"Za su dawo. Katanga ɗaya ce tsakaninmu. So kake matar nan tana kwance a ɗakinta ta ji yara suna rawa da harbin da ya kashe mata miji?"

Hamma Buba ya gyara zama, ya ce, "Kulu, bar batun rawa tukun. Kai Habu, kai da ba ka taɓa shaƙar albarushi ba, kai ne bakinka bindiga? Ka san nauyinta? Ni na ga abin da take yi wa mutum, tun da na dawo ko nama ba na iya ci. Kuma in soja ya karɓi wayar nan a shinge ya ji wannan harbin, me za ka ce masa? Waƙa ce?"

Habu bai ɗaga murya ba, shi ya sa maganar ta fi ciwo.

"Kawu, ranar da za ku tafi ai ina wurin. Dada ta ce bindigarka ba ta gaisuwa sau biyu, kuka yi ta harbi, mata na guɗa suna juyi. Yana nan a wayata. Wannan ba kiɗan rawa ba ne? Waɗanda bindigar ta gaisa da su, su ba su da uwa?"

"Wannan daban," in ji Hamma.

"Ina bambancin, Kawu?"

Hamma ya dube ni, ni kuma na dubi ƙwaryata da ke jingine a bango. Na san akwai bambanci, ina jin sa a jikina, amma na lalubi bakin da zan faɗe shi na rasa. Har yau wani lokacin nakan kama amsar da safe, kafin yamma ta suɓuce mini. Da na ga ba ni da ta cewa, sai na ɗauko abin da uwa ke ɗaukowa idan hujja ta ƙare mata. Na ce masa in waƙar nan ta fita daga hannunsa, ko ya bar ɓurɓushinta a waya ko a kwamfuta, ban yafe masa nonon da ya sha ba. Hamma ma sai da ya ce, Kulu, kin yi nisa.

Washegari na yafa mayafina na bi shi Barunde, don na san mai waƙa, in abu yana nan wata rana zai koma masa. Shi ne shigata situdiyo na farko. Ya nuna mini waƙar a kwamfuta, wasu zane-zane masu hawa da sauka, ya danna ta ɓace. Sai ya nuna wani dogon zane a ƙasa.

"Dada, wannan ba waƙa ba ce. Orijina ce, ɗaukar farko, ba kiɗa a ciki. A bar wannan."

"Cewa na yi duka."

"Don Allah, Dada."

"Duka, Habu."

Ya goge ta a kwamfutar, ya goge ta a wayar, ya juyo mini da fuskar wayar in gani. Ni da na saba in an fasa ƙwarya a ji ƙara, na tsaya ina jiran in ji wani abu, ban ji komai ba. Na dawo gida da zuciya wasai. Na kare maƙwabciyata, na kare ɗana daga hannun soja, na riƙe dokar da na gada a wurin matan da suka koya mini waƙa. Habu ya daina cin abinci a tsakar gida, na ce fushin samari ne, zai huce.

Maman Nkechi ta dawo ta rame, an aske mata kai, tana sanye da baƙi. Ta zo ne ta sayar da kayan shago ta tattara nasu su koma gida gaba ɗaya. Wata rana da hantsi ta shigo ta zauna a kan turmina kamar yadda ta saba, ta daɗe tana murza bakin zaninta.

"Maman Habu, wata ƙawar Nkechi ta ce mata wai Habu yana da muryar babanta a waya."

Na yi sauri na dafa ta, har da ɗan alfaharina. "Kwantar da hankalinki. Da kaina na je na tsaya aka goge. Ba za ki taɓa jin ta ba."

Ta ɗago ta dube ni, ba fushi a fuskarta, sai dai kamar wadda aka gaya wa rasuwar a karo na biyu.

"Kin goge? Mutumin nan tun yana saurayi yake gyara rediyon mutane. Muryar kowa ta fita a shagonsa, tasa ce kawai ba mu da ita. Hoto muna da shi, amma hoto ba ya magana. Jiya na zauna ina neman yadda yake kiran sunana, Maman Habu, na neme shi a kaina ban samu ba."

Na aika aka kira Habu, ya zo ya tsaya daga nesa, na maimaita masa abin da ta ce. Ya ce shi ba shi da komai, ai ina wurin. Sai ya ce tun kafin ya kawo mana waƙar ya tura wa wani abokin aikinsa ya ji, kuma abin da ya shiga waya biyu a garin nan ya riga ya shiga kasuwa. Ya ce a gwada wurin masu turi. Ya ƙara da cewa, ba ni na fitar ba, Dada, kafin ki yi magana ne. Sai a lokacin na gane yaron nan kwana yake yana tashi da bakina a kansa. Na ce na yafe, na yafe duniya da lahira. Amma ya ce shi dai hannunsa ba zai sake taɓa waƙar ba, duk wanda zai nemo ta ya nemo.

Haka na ɗauki ƙafa na tafi bakin kasuwa wurin Malam Iro, wanda na yi shekaru ba na amsa gaisuwarsa. Yana nan a rumfarsa ta da, sai dai kaset ɗin sun koma bayansa sun zama jingina, gabansa kwamfuta ce, samari sun kewaye shi kowa na miƙa memori. Shi ke nan sana'ar turi, a kwafe waƙar mutum a tura wa duk mai so, mai waƙar ko sannu ba a ce masa. Na sha cewa ɓarayin zaune ne, kuma ban janye ba.

"A'a, Hajiya Kulu da kanta! Yau amada za a tura?"

"Waƙar nan mai harbi nake nema."

"Masu harbi ai sun fi a ƙirga, Hajiya. Yanzu waƙar da ba harbi ba ta tafiya."

"Mai cewa ku shiga gida."

"Ita ake yayi! Wani yaro ne a Kano ya yi ta, ga ma hotonsa."

Ya juyo mini da kwamfutar. Wani ƙato ne da baƙin tabarau da sarƙa a wuya, ban taɓa ganinsa ba, an liƙa hotonsa da sunansa a jikin muryar ɗana. Na buɗe baki zan ce waƙar Habu ce, ɗan Kulu, kunnena ne ya haife ta. Sai na tuna ni ce na hana shi ya ce tasa ce. Na rufe bakina. Malam Iro ya tura mini ita a memori ya naɗe a takarda kamar ƙullin magani, yana ta tsokanata wai tsohuwa ta waye. Na fito ina tafe ina tambayar kaina, yau ni Kulu wa zan yi wa godiya, ɓarawon da ya sace ko ɗan da ya yi mini biyayya.

A ɗakin Maman Nkechi muka saurara, a tsakiyar kwalaye da aka ɗaure da igiya. Nkechi ta sa memorin a wayarta, Habu ya tsaya a bakin ƙofa bai shigo ba. Da harbin ya tashi Maman Nkechi ta damƙe wuyan hannuna har sai da farcenta ya shiga. Na ce a kashe, ta girgiza kai. Aka zo amshi. Nkechi ta kurma ihu ta kifa kanta a kan kwali. Uwar kuwa dariya ta kama ta, hawaye na zuba tana dariya.

"Ji shi. Kullum ihu. Ko a coci haka yake."

Ta ce a sake, aka sake. Ta ce a sake. Ni ina zaune ina jin harbin nan yana shiga mini ƙashi, ita kuwa ta riga ta daina jin sa, jiran amshin kawai take yi, in ya zo ta rufe ido. Can ta juya wajen ƙofa.

"Habu, iyakar abin da ya faɗa ke nan?"

Da ya yi ƙarya a ranar da ban ga laifinsa ba.

"A'a, Mama. A ɗaukar farko, bayan yaran sun shige, ya juyo wajen ƙofarku ya yi magana da yarenku. Da ɗan tsawo. Na ji sunanki a ciki. Ban sa a waƙar ba don ban san me ya ce ba."

"Tana ina?"

Habu ya dube ni. Ta gane. Ba ta dube ni ba, ta ce wa Habu ya matso ya faɗa mata abin da ya ji. Ya durƙusa a gabanta ya gwada. Na gaya muku yaron kunne gare shi. Ya kawo hawan maganar da saukarta, inda ta ja da inda ta tsaya, har da yadda numfashin mutumin ya yanke a tsakiya, ni da ba na jin yaren sai da tsigar jikina ta tashi. Amma kalmomin ba su zauna masa ba, sauti ne kawai. Ta kara kunnenta kusa da bakinsa ta ce ya sake. Ya sake. Nkechi ma ta matso, suka yi ta gwada kalmomi a kan sautin, wannan ta kawo waccan ta ce a'a. A ƙarshe Maman Nkechi ta dafa kansa.

"Bar shi, ɗana. Muryar ce, amma maganar ta tafi."

Ranar da za su tashi ta bar mini murhunta da sauran manjan da bai ƙare ba. Ta rungume ni a bakin mota ta ce, don ni kika yi, na sani. Da zagina ta yi da na fi samun sauƙi, don zagi na san yadda ake amsa shi. Habu bai ƙara yin gambara ba. Ya bar situdiyon ya tafi Kano yana gyaran waya, a can ya yi aure, kuma bai taɓa ɗaga mini maganar ba ko da wasa. Waƙarsa ta zaga ƙasar nan da sunan wani. Hamma Buba har ya koma ga Allah yana cewa daidai na yi, ba a wasa da bindiga a waƙa, alhali tasa bindigar tana rataye a zaure jikokinsa suna ɗaukar hoto da ita duk Sallah. Ni kuma in na ce na yi daidai sai in tuna kunnen matar nan a bakin Habu. In na ce na yi kuskure sai in tuna yaran layinmu da na gani da idona suna rawa suna ɗana bindigar kara a daidai wurin da mutumin ya faɗi, suna rera ku shiga gida, ba mai karya musu ita.

Shekaru suka tura. Wata Sallah Habu ya zo gida da iyalinsa, bayan an ci abinci ya zauna kusa da ni a tabarma ya ce Nkechi ta yi aure, ta turo mana bidiyon bikin. Ya kunna. Wani babban ɗakin taro ne a ƙasarsu, amarya cikin farar riga. Aka zo wurin da a al'adarsu ta yanzu uba ke fitowa ya yi rawa da 'yarsa. Nkechi ta fito tsakiyar fili ita kaɗai, ta ɗaga wa mai kiɗa hannu. Sai ga harbin layinmu ya cika ɗakin, wanda na kwanta a ƙasa na ji da kokona a kan wuta. Sai ga muryar Habu yana saurayi yana cika baki. Sai ga Baban Nkechi. Amarya tana rawa tana kuka, uwarta ta fito da farin hankici ta kama mata, mutanen da ba sa jin Hausa ko ta sannu suka tashi gaba ɗaya suna karɓa, ku shiga gida, ku shiga gida. Mamaci ne a kiɗan rawa, abin da aka koya mini ba a yi, kuma ban taɓa ganin an kai uba bikin 'yarsa da kyau kamar haka ba.

Habu ya dube ni, yatsansa a kan wayar.

"Dada, in kashe?"

Na ce ya bar shi. Baitin ya ƙare, amshin ya sake zagayowa, sai na ji bakina ya karɓa.